Waiwaye Adon Tafiya: Nok, Ƙaramin Ƙauye Mai Dogon Asali

Ba girman gari ke jawo masa suna ba. Akwai manyan garuruwa masu ganuwa da ƙofofi waɗanda in an wuce iyakar lardinsu ba mai jin labarinsu, akwai kuma ƙauyukan da mutum zai zagaye da ƙafa tsakanin azahar da la'asar, amma sunansu ya shiga littattafan makarantun duniya. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙauyuka shi ne Nok, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, kusa da garin Kwoi, kudu maso yamma da Jos. Ɗalibin da ke karatun tarihin Afirka a Landan ko a Faris ya san sunan Nok ko da bai taɓa jin sunan Kaduna ba, amma a Kano ko Sakkwato sai a tara mutum goma masu ilmi a rasa biyu da za su iya nuna inda ƙauyen yake. Yadda aka yi ya sami wannan suna, da abin da sunan ya jawo masa na alheri da na hasara, labari ne da ya taso daga ramukan kuza, kuma birnin Jos ne mahaɗarsa.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Ririwai sun san kuza. Sukan wanke ta a rafuffuka, su narka ta, su mai da ita 'yan sanduna sirara kamar tsinke, fatake kuwa su kai ta kasuwanni. Waɗannan 'yan sanduna ne suka ja hankalin kamfanin Neja, har a farkon shekarun 1900 ya aiko da wani injiniya mai suna Henry Laws, wanda ya hau tsaunukan Filato ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan sai kamfanoni suka yi ta kwarara. A shekarar 1914 ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso ƙasar kuza, leburori kuwa suka riƙa tahowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauci da Barno, har Jos da Bukuru suka zama manyan garuruwa. Aikin kuza aiki ne na kware ƙasa. Sai an ɗebe ƙasar sama, wani lokaci mai zurfin gaba da yawa, kafin a kai ga tsakuwar tsofaffin koguna inda kuzar take kwance. Saboda haka duk abin da ruwa ya binne a wurin tun zamanin da, dole ya fito a bakin shebur.

A shekarar 1928, a wani ramin kuza da ke kusa da ƙauyen Nok, aka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu, wanda aka ce ya yi kama da kan biri. Ɗaya daga cikin masu ramin, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos, aka ajiye shi tare da samfurin duwatsu a ma'aikatar ma'adinai. Ba wanda ya san asalinsa, ba kuma wanda ya damu ya sani. Haka ya zauna shekara goma sha biyar.

A 1943 aka sake tono wani kai a ramin kuza na yankin Jama'a, wannan karon kan mutum ne sosai, da idanu da hanci da baki. Akawun da ke kula da ramin ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya ya zama mutum-mutumi, ya kuwa yi wannan aiki har wajen shekara guda. Da manajan ramin ya gan shi, sai ya karɓa ya kai Jos wurin wani matashin ma'aikacin mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya zo Nijeriya a 1939 bayan ya karanta ilmin binciken kufai a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Da Fagg ya ɗora wannan kai kusa da wancan na 1928, sai ya ga ashe hannu iri ɗaya ne, ko da yake wuraren da aka same su akwai tazara mai yawa tsakaninsu. Nan ya gane cewa ba tsintuwa ce ta banza ba, akwai wata al'umma da ta taɓa zama a faɗin wannan ƙasa wadda ba mai labarinta.

Abin da Fagg ya yi bayan wannan shi ne ya bi ramukan kuza ɗaya bayan ɗaya yana roƙon manajoji da helumomi da leburori, cewa duk wanda ya ga wani abu na yumɓu a cikin tsakuwa kada ya fasa shi, kada kuma ya yar. Ya kamata a tuna da wannan, domin yawancin kayan farko da duniya ta san Nok da su, idon lebura ne ya fara ganinsu, hannunsa ne ya tsamo su daga laka, ko da yake ba a rubuta sunansa a jikin akwatin gilashi ba. Kafin a daɗe an tara guda fiye da ɗari. Al'adar masana kufai ce su kira tsohuwar al'umma da sunan wurin da aka fara samun kayanta, shi ya sa aka ce mutanen Nok. Sunan da su kansu suke kiran kansu da shi, da harshen da suka yi magana da shi, duk sun tafi tare da su, domin ba su bar rubutu ba.

Da kaya suka yi yawa sai aka ga dole a gina musu gida. A shekarar 1952 aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos, a gindin wani dutse a tsakiyar gari, Fagg ne kuwa ya tsaya a kan ginin. Daga baya aka ƙara masa gidan namun daji, da zauren tukwane wanda ya ƙunshi aikin magina daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan, da ɗakin littattafan Larabci rubutun hannu, da kuma filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Jumma'a na Zariya. A 1963 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a wurin da taimakon hukumar UNESCO, ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen Afirka. Fagg ya gaji Kenneth Murray a shugabancin ma'aikatar kayan tarihi a 1957, ya koma Ingila a shekarun 1960, ya rasu a 1987.

Abin da yumɓu ya faɗa

Wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin waɗannan kawuna, abin da zai fara kama shi shi ne idanu. Ana yinsu ne da kusurwa uku ko kuwa kamar rabin wata, a huda ƙwayar idon, haka kuma a kan huda hanci da baki da kunnuwa. Masana sun ce wannan huda tana da amfani biyu, tana ba fuskar rai, tana kuma barin iska mai zafi ta fita lokacin gashi don kada yumɓun ya tsage. Cikinsu rami ne, an gina su ne kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu zobe a kan zobe. An cuɗa yumɓun da ƙananan tsakuwa don ya yi ƙarfi, aka shafe bayansa da laka mai laushi aka goge, sai dai ruwa da ƙasa sun cinye wannan shafe a jikin yawancinsu, shi ya sa suke da kaushi a yau. Wasu kawunan sun kusa girman kan mutum, watau gangar jikin da suka fito daga gare ta ta haura mita guda. Duk maginin da ya san wahalar gasa randa a fili ba tare da ta fashe ba, ya san wannan ba aikin ɗan koyo ba ne.

Adon da ke jikinsu kuwa ya isa kallo. Akwai kitso iri-iri, da tukkaye, da doka, da huluna, da duwatsun wuya jere a kan jere, da mundaye a hannu da ƙafa, har da gemu da aka gyara da kyau. Akwai mai zaune ya ɗora haɓarsa a kan gwiwa kamar wanda tunani ya yi wa yawa, akwai mai durƙuso, akwai mata, akwai siffofin giwa da biri da maciji. Akwai kuma waɗanda aka nuna su da cuta, kamar tundurmi da shanyewar ɓarin fuska, abin da ke nuna masu ginin sun dubi jama'arsu da idon basira, lafiyayye da majinyaci.

Tambayar da ta fi wuya ita ce shekarunsu. Abin da aka samu a ramin kuza, ruwa ne ya kwaso shi daga wani wuri ya zubar a nan, saboda haka ba ya faɗin kome a kan gidan da ya fito. Sai da aka sami wuraren da mutanen suka zauna da kansu kafin a soma samun amsa. A shekarun 1960 Fagg ya yi tono a Taruga, kusa da inda Abuja take yanzu, ya sami gutsattsarin siffofin yumɓu tare da murahun narkar da tama, da kashin maƙera, da gawayi. 'Yarsa Angela Fagg ta yi irin wannan tono a Samun Dukiya, kusa da Nok. Gawayin nan shi ne mabuɗi. Kowane itace yana shan wani irin sinadarin kabon muddin yana raye, in ya mutu sai sinadarin ya soma raguwa a hankali bisa ƙa'idar da ba ta sauyawa, rabinsa na ƙarewa cikin shekara wajen 5,730. In aka auna abin da ya rage, sai a san lokacin da aka sare itacen. Da wannan awo aka gane cewa ana narka tama a Taruga ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, watau wurin yana cikin mafi daɗewar wuraren aikin ƙarfe da aka sani a Afirka ta Yamma. Wani abin lura shi ne, a wuraren Nok a kan sami gatarin dutse, irin wanda Hausawa ke kira gatarin aradu, tare da ƙarfe. A Turai da Gabas ta Tsakiya sai da aka yi dogon zamani ana aiki da tagulla kafin a kai ga ƙarfe, amma a nan daga dutse aka wuce ƙarfe kai tsaye.

Fagg ya ƙiyasta zamanin Nok daga shekara 500 kafin Miladiyya zuwa shekara ta 200 bayanta, haka kuwa aka riƙa koyarwa a makarantu shekara da shekaru. Daga 2005 sai masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka soma wani dogon bincike, suka kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Abin da suka gano ya tura tarihin baya ƙwarai. Mutanen sun soma zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, sun soma ginin siffofin yumɓu wajen shekara 900 kafin Miladiyya, ƙarfe ya biyo baya, sa'an nan wajen farkon Miladiyya sai sawunsu ya ɓace. Kayan da aka tono an nuna su a Frankfurt daga 2013 zuwa 2014, aka kuma mai da su Nijeriya.

Abin da zai fi burge Bahaushe a wannan bincike shi ne cimarsu. A cikin tokar murahunsu an sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake, da ƙwallon atili, wannan ɗan itacen da har gobe ake tallarsa a Jos. A 2021 kuma masana daga Jami'ar Bristol suka bayyana cewa sun sami alamar kakin zuma a jikin wajen kashi ɗaya cikin uku na tukwanen Nok da suka auna. Watau shekara dubu uku da ɗari biyar da suka wuce, akwai mai noma gero, akwai mai cin wake, akwai mai ɗiban zuma a wannan ƙasa. Da yake gero ɗan arewa ne, asalinsa daga bakin Sahara, masanan suna ganin daga can mutanen suka gangaro da irinsu. Ba a sami alamar fada ko ganuwar babban birni ba, ƙananan gidajen gona ne a warwatse. Yawancin siffofin kuwa an same su ne a farfashe, an binne su cikin ramuka da gangan, sau da yawa kusa da wuraren da ake zaton kaburbura ne, shi ya sa ake danganta su da al'adun binne mamata. Ƙasar yankin tana cin ƙashi, saboda haka ba a sami ƙasusuwan mutanen ba.

Mutanen da ke zaune a Nok yanzu su ne Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, harshensu Hyam, sarkinsu Kpop Ham, fadarsa a Kwoi. Suna ɗaukar masu wannan aiki a matsayin kakanninsu, suna kuma alfahari da su. Masana dai sun tsaya a kan cewa tazarar shekara dubu biyu ta yi yawa a ce ga zuriyarsu kai tsaye, tun da kayan Nok sun bazu daga kudancin Kaduna zuwa Abuja da Nasarawa har Katsina Ala a Jihar Binuwai. An kuma sami wasu siffofin yumɓu masu kama da su a ƙasar Katsina da ta Sakkwato. Gadon ya fi ƙarfin ƙauye ɗaya, ya fi ƙarfin ƙabila ɗaya.

Darasi daga ƙasar Girka

A arewacin ƙasar Girka, yamma da birnin Tasalonika, akwai wani ƙauye mai suna Bergina, wanda mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Ƙauyen ma sabo ne, a 1922 aka kafa shi, yawancin mazaunansa na farko 'yan gudun hijira ne. A gefensa akwai wani babban tudun ƙasa. A shekarar 1977 wani masani ɗan ƙasar, Manolis Andronikos, ya tona tudun ya sami kaburburan sarakuna, ɗaya daga ciki ba a taɓa buɗe shi ba, da akwatin zinariya da makamai da kambin sarauta. Ya ce kabarin Sarki Filib na Biyu ne, mahaifin Iskandari Babba, wanda aka kashe a shekara ta 336 kafin Miladiyya. Akwai masanan da suke jayayya a kan ko kabarin nasa ne ko na wani daga gidansa, amma an yarda wurin shi ne tsohuwar fadar sarakunan Makidoniya. Shekarar 1977 ɗin nan ita ce shekarar da Fagg ya fitar da littafinsa a kan siffofin Nok, ita ce kuma shekarar bikin FESTAC, lokacin da Ekpo Eyo, shugaban ma'aikatar kayan tarihi na wancan zamani, ya baje kolin fasahar Nijeriya ta shekara dubu biyu a Legas.

In aka jera shekarun, mai karatu zai ga abin mamaki. Lokacin da mutanen Nok suka soma noma geronsu, birnin Maisina na Girka yana bunƙasa. Wasannin Olamfik na farko, waɗanda Girkawa ke ƙirga su daga shekara ta 776 kafin Miladiyya, sun tarar da magina na gasa siffofi a ƙasar Nok. Ranar da aka binne Filib kuwa, an riga an san narkar da tama a wannan yanki. Bambancin yana wajen abin da aka yi da gadon bayan an same shi. Girkawa ba su kwashe kayan Bergina sun bar ƙauyen da rami ba. Sun gina gidan tarihi a kan kaburburan kansu, suka mai da ƙasa a bisansa ya koma tudu kamar da, suka dawo da kayan cikinsa. A 1996 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Maziyarta na zuwa daga ko'ina, mai masauki ya samu, mai abinci ya samu, mai mota ya samu. Manomin da ya ga tarihi na ciyar da 'ya'yansa, shi ne zai fara kai ƙarar wanda ya zo da dare da diga.

Kura da shan bugu

A ƙasar Nok kuwa abin ya bi wata hanya. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, tattalin arzikin ƙasa kuma ya shiga wahala, sai a shekarun 1990 aka soma wata irin haƙa dabam. Dillalai suka shiga ƙauyuka da kuɗi a hannu, matasa suka bar gona suka shiga tonon yumɓu, wani wuri ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Kayan su bi ta kan iyaka zuwa Kwatano ko Lome, daga can su wuce Brasels da Faris da sauran biranen Turai da Amurka, inda guda ɗaya kan ci dubban daloli. Wanda ya yi tonon kuwa, abin da ya samu bai kai ya raba shi da talauci ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masanan Frankfurt sun ba da labarin cewa mafi yawan wuraren da suka je sun tarar an riga an farke su.

Hasarar da ke cikin wannan ta wuce ta kuɗi. Mai tonon dare kai yake nema, saboda haka sai ya watsar da gawayi, ya farfasa tukwane, ya cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa. Gawayin nan da ya zubar shi ne zai faɗi shekarun wurin, ƙwayar geron da ya tattake ita ce za ta faɗi abincin mutanen, yadda aka kwantar da siffar a cikin rami kuwa shi ne zai faɗi dalilin yinta. Siffar da aka sace ana iya dawo da ita bayan shekara hamsin, amma kufan da aka farke ba ya komawa yadda yake har abada. Kasuwar ta kuma haifi jabu, domin akwai masu haɗa gutsattsarin tsofaffi da sabon yumɓu don su ruɗi masu awo.

Ba ƙananan dillalai kaɗai abin ya shafa ba. A shekarar 2000 aka nuna siffofin Nok biyu a babban gidan tarihin Lubur na Faris, waɗanda gwamnatin Faransa ta saya daga wani dillali a Beljiyam, alhali kuwa a wannan shekarar ce majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin kayan da bai kamata a saya ko a sayar ba. Da surutu ya yi yawa, sai a 2002 aka yi yarjejeniya, Faransa ta amsa cewa kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuwa ta bar mata su aro na shekara 25. A 2013 Faransa ta mai da wasu guda biyar da ma'aikatan kwastan nata suka kama. Girka ma ta san wannan ciwo, domin tun shekarun 1980, zamanin ministarta Melina Mercouri, take neman Ingila ta mai da mata sassaƙaƙƙun duwatsun Atina da aka kwashe a farkon ƙarni na 19.

Doka kuwa ba ta yi ƙaranci ba. Akwai dokar kayan tarihi ta 1953, akwai dokar soja ta 1974 da ta hana cinikinsu, akwai doka mai lamba 77 ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sai dai in bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga, kuma da ɗan gari a kan ci gari. Gidan tarihin Jos kansa ɓarayi sun shige shi a 1987 sun yi gaba da kaya masu daraja, har da wani kan tagulla na Ife. Rikice-rikicen da suka soma a Jos daga 2001 sun rage baƙin da ke zuwa. A watan Fabrairu na 2017 kuma 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a yankin Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan ƙauye da suka kai musu ɗauki. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin tono a wurin ya tsaya.

Akwai masu cewa ina ruwan mutum da gumakan mutanen da suka shuɗe. Amsar ita ce ajiye abu don sanin tarihi dabam, bauta masa dabam. Masar ƙasar Musulmi ce, tana tsaron kayan Fir'aunoni kamar ƙwayar ido, Girkawa kuwa yawancinsu Kiristoci ne, ba sa bauta wa allolin kakanninsu, amma ba su yarda a taɓa dutse ɗaya daga kufansu ba. An daɗe ana faɗa wa baƙar fata cewa ba shi da tarihi sai daga ranar da baƙo ya zo ya rubuta masa. Murhun Taruga da kan Jama'a suna cikin manyan shaidun da suka ƙaryata wannan magana. Wanda ya sayar da su ya sayar da shaidarsa ne a gaban alƙali.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramin gidan tarihin da ke Nok yana bukatar a ɗaukaka shi, a kai masa kaya na ainihi da tsaro mai ƙarfi, domin jama'ar wurin su ga amfanin abin da ke ƙarƙashin gonakinsu. Hakimai da dagatai su ne suka san duk baƙon da ya kwana a ƙasarsu, saboda haka a sa su cikin aikin tsaro, a kuma ba manomin da ya kawo tsintuwa lada da yabo a bainar jama'a, yadda Fagg ya yi da leburorin kuza. Jami'o'in da ke koyar da ilmin kufai, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Jos da ta Ibadan, a ba su kuɗin tono da kayan awo, don kada kullum sai an jira baƙo. Sukur ta Jihar Adamawa ta shiga jerin UNESCO a 1999, kurmin Oshun na Oshogbo ya shiga a 2005, ba kuwa abin da zai hana a yi wa ƙasar Nok irin wannan ƙoƙari. Hausawa ma suna da nasu wuraren da ke jiran irin wannan kulawa, kamar Dala da Kufena da Turunku da Durɓi Ta Kusheyi da zanen duwatsun Birnin Kudu.

Shugabannin makarantu kuwa, daga Kano zuwa Gusau, duk wanda ya shirya wa ɗalibansa tafiya Jos, kada ya tsaya a gidan namun daji kaɗai. Ya ratsa da su zauren da ke kusa, ya tsai da su gaban waɗannan fuskoki masu hudajjun idanu, ya faɗa musu cewa masu su gero suka ci, kamar yadda su ma suka ci da safe. Gani ya kori ji. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, ya kawo zaman lafiya a Filato da kudancin Kaduna da ƙasa baki ɗaya, amin.